Juyi a Tsakiyar Igiya: Darasi Daga Masu Binciken Kogwanni Masu Zurfi

Galibin kogwannin da muka sani a ƙasar Hausa da ƙafa ake shiga cikinsu, in abin ya yi tsanani a sunkuya ko a ja ciki. Amma a wasu sassan duniya akwai wani irin kogo wanda bakinsa a ƙasa yake kamar bakin rijiya, ba a shigarsa sai da igiya. Ruwan sama ne yake haƙa irin waɗannan ramuka. Idan ruwan ya haɗu da iskar kabon dayokzaid, a sararin sama da kuma cikin ƙasa, sai ya zama asid mai rauni. Wannan asid ɗin yakan bi tsagar dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙowa a Kalambaina kusa da Sakkwato da Ashaka a Jihar Gombe domin yin siminti, yana narkar da shi kaɗan-kaɗan. Bayan dubban shekaru sai tsagar da ko allura ba ta shiga ta zama rami wanda zai haɗiye dogon bene.

A Ingila akwai Gaping Gill, mai zurfin kusan mita 100, wanda wani Bafaranshe mai suna Édouard-Alfred Martel ya fara kaiwa ƙasansa a shekarar 1895 da tsanin igiya. A Meziko akwai Sótano de las Golondrinas, inda mutum zai yi lilo a sarari fiye da mita 330 ba tare da ya taɓa bango ba. Kogon Veryovkina kuwa, a tsaunukan Kokasas, a shekarar 2017 masu bincike suka haura mita 2,200 a cikinsa, rami bayan rami. Masanan ruwan ƙarƙashin ƙasa da masanan halittu da masu nazarin duwatsu duk suna da buƙata a irin waɗannan wurare, kuma ba su da hanyar zuwa sai ta igiya.

Wannan darasi ya shafi abu guda ne daga cikin dabarun masu wannan aiki, wato yadda mutumin da yake sauka kan igiya zai juya ya koma hawa, ko wanda yake hawa ya koma sauka, alhali yana rataye a tsakani, babu tudu babu madafa. Za mu kira shi juyi a tsakiyar igiya.

Daga tsani zuwa igiya guda

A da, tsani ake amfani da shi, ko kuma a ɗaura mutum a wayar ƙarfe a zura shi da inji. Tsani yana da nauyi, yana kuma cinye ƙarfin mai hawa. Injin kuwa yana raba mutum da ikon kansa, domin ransa yana hannun na'ura da kuma mutanen da suke bakin rami. A shekarar 1952, a kogon Pierre Saint-Martin da ke kan iyakar Faransa da Sifen, maɗaurin da ya haɗa Marcel Loubens da wayar injin ya kwance, ya faɗa cikin ramin mai zurfin kimanin mita 320 daga wani sashensa na ƙasa, ya rasu a can ciki. Sai a 1954 aka iya fito da gawarsa.

Tun kafin wannan lokaci wasu suna neman wata hanya. A 1931 Karl Prusik, mutumin Ostiriya, ya bayyana wani ƙulli wanda yake zamewa a kan igiya idan an tura shi da hannu, amma yake cijewa idan an ɗora masa nauyi. A Faransa, Pierre Chevalier da Fernand Petzl da abokansu sun shafe shekarun 1930 da 1940 suna binciken kogon Dent de Crolles kusa da birnin Grenoble, kuma suna cikin waɗanda suka fara amfani da igiyar nailan a ƙarƙashin ƙasa. A 1958 aka fito da madamƙin ƙarfe mai suna Jumar a Suwizalan. A Amurka kuma Bill Cuddington ya yi suna a shekarun 1950 wajen sauka da hawa ramuka da igiya kaɗai. Zuwa shekarun 1970 tsani ya ja baya, dabarar igiya guda ta zama ita ce hanyar kowa. Daga baya ma'aikatan da suke gyaran dogayen gine-gine da dandamalin haƙar mai a teku suka ari dabarar, sai dai su suna ƙara igiya ta biyu domin tsaro.

Kayan aikin

Igiyar kanta ba irin ta guga ba ce. Kaurinta tsakanin milimita 9 da 11 ne, kuma kashi biyu ce: akwai zuciya, wato zaruruwan da ke ciki masu ɗaukar yawancin nauyi, da kuma riga, wato saƙar da ta lulluɓe su tana kare su daga kaifin dutse. Ba ta miƙewa sosai. Ƙa'idar Turai ta ce babbar ajin irin wannan igiya dole ta jure kilonyutan 22 kafin ta tsinke, wato nauyin da ya haura tan biyu, kuma kada miƙewarta ta wuce kashi 5 cikin 100 idan aka ƙara mata nauyi daga kilo 50 zuwa 150. Ana ɗaure ta a sama ga ƙusa da aka kafa cikin dutse, ko wani ginshiƙi mai ƙwari. Wannan za mu kira shi turke.

Mai shiga kogo yana sanye da ɗamarar zama, wadda ta kama ƙugunsa da cinyoyinsa ta haɗu a wani zoben ƙarfe a gabansa. Duk kayan da ransa ya rataya a kansu ga wannan zobe suke haɗe. Domin sauka yana da birki. Irin wanda aka fi amfani da shi a Turai wasu kwarkwaro biyu ne na ƙarfe waɗanda ba sa juyawa, ana zagaya igiya a tsakaninsu kamar harafin S. Gogayyar igiya da ƙarfen ita ce take rage gudu, hannun dama kuma yana riƙe da igiyar da ke ƙasa yana daidaita tafiya. A Amurka an fi son wani mai sanduna a jere kamar ƙaramin tsani, wanda ake ƙara sanda ko a rage gwargwadon buƙata.

Domin hawa kuwa yana da madamƙi biyu. Ɗaya yana manne a ƙirjinsa, haɗe da zoben ɗamara. Ɗayan na hannu ne, kuma daga gare shi abu biyu suke saukowa: likkafa ta igiya inda ake sa ƙafa, da igiyar tsaro wadda ta haɗa shi da zoben ɗamara. Mai hawa yana zaune a kan madamƙin ƙirji, sai ya tura na hannu sama yana naɗe ƙafafunsa, sa'an nan ya miƙe a kan likkafa, madamƙin ƙirji ya zame sama, ya sake zama. Zauna, miƙe, zauna, miƙe. Saboda kamannin motsin ne ake kiran tsarin da sunan kwaɗo.

Ya kamata ɗalibi ya tsaya ya fahimci madamƙi sosai, domin duk wahalar juyi daga halinsa ta samo asali. A cikinsa akwai wani harshen ƙarfe mai haƙora, wanda aka kafa a kan ƙusa ba a tsakiyarsa ba. Idan an tura madamƙin sama, igiya tana ture harshen ta wuce. Idan aka ja shi ƙasa, haƙoran suna kama rigar igiya, harshen ya juya ya matse ta da jikin ƙarfe, kuma gwargwadon nauyin da aka ɗora gwargwadon matsewar. Ke nan madamƙin da yake ɗauke da nauyin mutum ba ya buɗuwa ko da ƙato ne ya ja shi. Sai an sauke masa nauyi, an kuma ɗan ɗaga shi sama, kafin haƙoran su saki. Birki shi ma haka yake ta wata fuska: ba a sa shi a igiyar da take a ɗame, ba a kuma cire shi alhali mutum yana zaune a kansa. Saboda haka juyi ba komai ba ne illa ɗauke nauyin jiki daga wannan na'ura a ɗora a kan waccan, a tsarin da ba zai bar mutum ko daƙiƙa guda ba tare da amintaccen mariƙi ba.

Me zai sa a juya?

Mai karatu na iya cewa, wanda ya kama sauka ai sai ya sauka kawai. Da ma a ce haka ne. Wanda ya fara shiga ramin da ba a taɓa shiga ba bai san zurfinsa ba, yana iya iske igiyarsa ta ƙare ƙasa kuwa tana can da nisa. Shi ya sa ake yin ƙulli a ƙarshen kowace igiya kafin a zura ta, domin kada mutum ya zame ta wutsiyarta. To, in ya isa ƙullin, mafita guda ce: ya koma sama. Wani lokaci dutse ne ya gurje igiyar a ƙasa da shi. Wani lokaci ruwa aka yi a waje, rafin da ke cikin kogo ya kawo, ramin ya zama magangara. Akwai kuma gurɓatacciyar iska da kan taru a ƙasan rami, abin da masu yasar rijiya a ƙasarmu suka sani sarai. Haka nan riga ko gashi ko igiyar hular kwano tana iya shiga cikin birki ta cije, sai mutum ya ɗauke nauyinsa daga birkin kafin ya ɓanɓare ta. Shi kuwa mai hawa, yana iya tarar da ya kama igiyar da ba ita ba, ko abokinsa da ke ƙasa ya shiga matsala. Bugu da ƙari, duk sauran dabarun da suka fi wannan wuya, kamar tsallake ƙullin da ya haɗa igiya biyu, ko ceton wanda ya suma a kan igiya, a kan juyi aka gina su. Don haka malaman wannan fanni da yawa ba sa barin ɗalibi ya shiga rami sai ya ƙware a juyi ta kowace fuska.

Ƙa'idar dukan aikin Bahaushe ya riga ya faɗe ta, inda yake gargaɗi a kan sakin reshe a kama ganye. Ba a cire tsohon mariƙi sai an sa sabon, an dube shi da ido, an kuma ɗora masa nauyi an ga ya ɗauka.

Daga sauka zuwa hawa

Wannan shi ne mai sauƙin. Mai sauka ya tsaya, ya kulle birkinsa, wato ya naɗe igiyar a jikin birkin ta yadda zai iya sakin hannu biyu ba tare da ya zame ba. Wani birki mai suna Stop, na kamfanin Petzl, yana da mariƙi wanda in an sake shi yakan cije igiyar da kansa, amma mai hankali ba ya dogara da wannan, domin a kan siririyar igiya ko mai taɓo yana iya zamewa. A kulle shi dai.

Sa'an nan ya ɗauki madamƙin hannu, ya tabbata igiyar tsaro tana haɗe da shi, ya sa shi a igiya sama da birki, ya tura shi sama ya bar fili. Ya buɗe madamƙin ƙirji ya bar shi a shirye. Sai ya sa ƙafa a likkafa ya miƙe tsaye, ya cusa igiyar da ke tsakanin birki da madamƙin hannu cikin na ƙirji, ya rufe, ya zauna a hankali. Yanzu nauyinsa ya koma kan madamƙin ƙirji, na hannu kuma yana sama a matsayin na biyu. Birkin da ke ƙasa ya yi sako-sako, sai ya kwance kullin, ya zare igiyar, ya kama hawa.

Daga hawa zuwa sauka

A nan ne ake yin gumi. Mai hawa ya tsaya yana zaune a kan madamƙin ƙirji. Igiyar da ke ƙasa da shi ba ta ɗauke da komai sai nauyin kanta, don haka a nan zai sa birki. Ya zagaya igiyar yadda zanen da ke jikin birkin ya nuna, ya rufe, ya janye duk rarar igiyar har birkin ya matso daf da madamƙin ƙirji, sa'an nan ya kulle. A gajeren rami wannan ba wuya. Amma mita 100 na igiya mai kaurin milimita 10 sun kai kilo 6 ko fiye, in ta jiƙe kuma ta fi haka. Wanda yake da mita 300 a ƙarƙashinsa kusan kilo 20 yake ɗagawa kafin ya sami rarar da zai zagaya, shi ya sa akan jawo igiyar a ɗora a cinya ko a naɗe a ƙafa.

Mataki na gaba shi ne wanda ya fi kayar da masu koyo. Kafin ya miƙe, dole ya sauko da madamƙin hannu zuwa daidai fuskarsa ko ɗan sama kaɗan. Dalili kuwa shi ne, idan ya cire na ƙirji ya zauna a kan birki, jikinsa zai sauka taƙi ɗaya ko biyu, saboda tsawon na'urorin da ɗan rarar da ta rage. In madamƙin hannu ya yi nisa, igiyar tsaro za ta miƙe kafin nauyinsa ya isa birki. Sai ya tsinci kansa rataye a kan madamƙin da ba zai buɗu ba, birki kuma bai ɗauki komai ba. In kuwa ya yi ƙasa da yawa, likkafa ba za ta ba shi tsawon da zai miƙe ya sauke nauyin da ke kan na ƙirji ba. Daidai wurin yana tsakanin waɗannan biyu, kuma ya danganta ga tsawon mutum da tsawon kayansa. Babu littafin da zai faɗa wa mutum. Da jiki ake gano shi. Abin da aka sani dai shi ne, igiyar tsaro ba za ta yi tsawon da mutum zai rataya a kanta hannunsa ya kasa kaiwa ga madamƙin ba. Ana auna wannan a ƙasa tun kafin a taɓa igiya.

To, sai ya miƙe a kan likkafa, jikinsa kusa da igiya. Da hannu guda ya buɗe madamƙin ƙirji a daidai lokacin da yake ɗagowa, ya fitar da igiyar, ya zauna sannu a hankali, idonsa a kan ƙugiyar da ta haɗa birki da ɗamara. Wannan ƙugiya mai ƙofa ƙarfinta a tsaye yake; in ta karkace nauyi ya hau kan ƙofarta, ƙarfinta ya ragu ƙwarai, har ƙofar tana iya karyewa. Bayan ya zauna, ba zai cire madamƙin hannu ba tukuna. Zai sake duba yadda igiya ta bi cikin birki, ya kwance kullin yana riƙe da igiyar gam, ya zame kamar yatsa biyu ko uku domin ya ji birkin yana aiki, ba tare da ya bari igiyar tsaro ta miƙe ba. In ya gamsu, ya sake kullewa, ya cire madamƙin hannu ya rataye, ya kama igiyar, ya kwance, ya sauka. Wannan gwaji na ƙarshe shi ne wanda gajiyayye yake son tsallakewa, kuma a ganina shi ne bai kamata a taɓa tsallake shi ba, domin birkin da aka zagaya ba daidai ba, a cikin duhu da taɓo, kamanninsa ɗaya da wanda aka zagaya daidai.

Wanda ya rataye a kan igiyar tsaro fa? Ba abin firgita ba ne. Ya miƙe a kan likkafa, ya mayar da madamƙin ƙirji, ya zauna, ya sauko da na hannu, ya sake daga farko. Abin da ke cutarwa shi ne kokawa da na'ura, ana fizga ana ja har hannu ya mutu.

Lissafin fizga

Akwai dalilin da ya sa kalmar "a hankali" take ta maimaituwa a sama. Igiyar tana jure kilonyutan 22, amma haƙoran madamƙi rigar igiyar kawai suka kama, kuma suna iya yage ta tun daga wajen kilonyutan 4 zuwa 6 da ɗoriya, gwargwadon kaurinta. Bari mu yi lissafi irin na aji. Mu ɗauki mutum mai nauyin kilo 80 tare da kayansa, wato kimanin nyutan 800. A ce ya miƙe sama da madamƙinsa, ƙafarsa ta zame, ya faɗi rabin mita, igiyar kuma ta miƙe da santimita 10 kacal kafin ta tsayar da shi. Jimlar faɗuwarsa mita 0.6 ce, don haka makamashin da za a shanye shi ne 800 sau 0.6, wato jul 480. Idan aka raba 480 da mita 0.1, matsakaicin ƙarfin fizgar nyutan 4,800 ne, ƙololuwarta kuwa kusan ninkin haka. Rabin mita kawai, amma ya isa ya yage rigar.

Yanzu a ce faɗuwar guda ce, amma akwai doguwar igiya a sama da shi wadda ta miƙe da mita guda. Makamashin 800 sau 1.5 ne, jul 1,200, a raba da mita 1, matsakaicin ƙarfin nyutan 1,200 ne kawai. Abin mamaki ke nan: zuciya ta fi tsorata a tsakiyar rami mai zurfi, amma ta fuskar fizga wanda yake daf da turke shi ya fi kusa da haɗari, domin igiyar da za ta shanye faɗuwarsa kaɗan ce.

Lokaci ma abokin gaba ne

Jini yana komawa zuciya daga ƙafafu ne da taimakon tsokar ƙwauri, wadda take matse jijiyoyi duk sa'ad da mutum ya motsa. Wanda ya rataye a ɗamara ƙafafunsa na lilo ba motsi, jini yakan taru a ƙasa, ya fara jin jiri da tashin zuciya da gumi, daga nan sai suma. Wanda ya suma a tsaye a ƙasa yakan faɗi, jini ya koma kansa, ya farfaɗo. Wanda ya suma a kan igiya kuwa ɗamara tana riƙe da shi a tsaye, kansa ya langaɓe, hanyar numfashinsa tana iya toshewa. A tsakiyar shekarun 1980 likitocin Tarayyar Masu Binciken Kogo ta Faransa sun gwada wannan da lafiyayyun mutane 'yan sa-kai, wasu suka suma cikin 'yan mintuna. A ƙara da sanyi, domin kogwannin manyan tsaunukan Turai ɗuminsu bai fi digiri kaɗan sama da na ƙanƙara ba, ga ruwa yana zuba a kan mutum. Yatsun da suka sandare ba sa iya buɗe madamƙi.

Don haka wanda ya maƙale ya riƙa motsa ƙafafunsa, ya taka likkafa, ya huta kafin ƙarfinsa ya ƙare, ya kuma kira abokansa tun da wuri ba tare da jin kunya ba. Su kuma aikinsu su sauko da shi da gaggawa. A da ana koyar da cewa kada a kwantar da wanda aka ceto, a zaunar da shi. Wani nazari da hukumar kula da lafiya da tsaron ma'aikata ta Birtaniya ta wallafa a 2009 bai sami hujjar wannan ba, sai aka koma ga shawarar a kwantar da shi kamar kowane sumamme, a kula da numfashinsa.

Yadda ake koyo

Ba a koyon juyi a cikin kogo, ba a kuma koyonsa daga mujalla, har da wannan. Ƙungiyoyin masu binciken kogo a Faransa da Ingila da Amurka suna koyar da shi ne a ɗakin wasanni, ko jikin bango, ko ƙarƙashin babbar bishiya, ɗalibi yana mita biyu ko uku daga ƙasa. Igiyar ba a ɗaure take kai tsaye a sama ba. Ta bi ta kan kura ne ta sauko ga wani birki da ke kulle a wurin malami, ta yadda in ɗalibi ya maƙale ko jiri ya kama shi, malami ya kwance ya sauko da shi nan take. Da farko malami yana faɗin kowane mataki, daga baya ɗalibi ne zai faɗi abin da zai yi da dalilinsa kafin ya taɓa ƙarfe. Wannan ya fi haddar jeri amfani, domin wanda ya haddace jeri in abu ɗaya ya sauya sai ya rikice, amma wanda ya saba tambayar kansa, "A kan me nauyina yake yanzu, kuma mene ne zai riƙe ni in wannan ya saki?" zai iya warware matsalar da ba a taɓa nuna masa ba.

In hannu ya faɗa, sai a ƙara wuya da gangan: safar hannu, jaka mai nauyi rataye a ɗamara, nauyi ɗaure a wutsiyar igiya domin ta yi kamar doguwa, jiƙaƙƙiyar igiya, sa'an nan ido a rufe, tun da fitilar goshi tana iya mutuwa. Malami kuma yakan sa ɗalibi ya rataye a kan igiyar tsaro da gangan, domin ya koyi fita tun yana kusa da ƙasa. Ana yi da kayan da mutum zai shiga kogo da su, domin bambancin santimita biyar a tsawon likkafa yana sauya komai.

Kada wani ɗalibi ya ɗauki igiyar guga ko ta ɗaurin kaya ya nufi bishiya ko rijiya da sunan gwaji. Amma akwai sashen wannan ilimi da malamin kimiyya zai iya nunawa a harabar makaranta ƙafafun kowa na ƙasa, wato sirrin birki. Idan igiya ta zagaya sanda, ƙarfin da ake buƙata a riƙe ta yana raguwa ne ta hanyar ninki: kowane zagaye yana raba ƙarfin da adadi guda, kuma adadin ya dogara ga santsin igiyar da na sandar, ba ga kaurin sandar ba. Alal misali, in zagaye ɗaya ya raba ƙarfin da uku da rabi, nauyin nyutan 700 zai koma 200 a hannu, zagaye na biyu kuma ya mayar da shi kimanin 57. A sami bokiti cike da yashi, a auna shi da ma'aunin rataye, a ɗaura masa igiya a wuce da ita ta kan bututun ƙarfe da aka gitta, a maƙala ma'aunin a ɗaya gefen. A karanta abin da ma'aunin ya nuna lokacin da bokitin yake sauka sannu a hankali, da rabin zagaye, sa'an nan da zagaye ɗaya da rabi, sa'an nan biyu da rabi. 'Yan aji su raba kowane adadi da na bayansa su ga ko amsar tana kusa da juna. Daga nan a jiƙa igiyar, ko a shafa mata taɓo, a sake aunawa.